Shawara ga masu binciken digiri na biyu kan laifuka da shari'a

'Yan'uwa ɗalibai masu shirin rubuta kundin digiri na biyu a fannin nazarin laifuka, ku fara neman izinin shiga wurin da za ku tattara bayanai tun kuna tsara batun bincikenku. Gidan yari da ofishin 'yan sanda ba sa ba da izini da wuri, kuma galibi sai kun nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku.

Kwamitin yakan tsananta tambaya idan da fursunoni za a yi hira, domin wanda ke tsare yana iya amincewa saboda tsoro ko tsammanin sassauci. Don haka ku rubuta ƙarara cewa shiga binciken ko ƙin shiga ba zai shafi hukuncinsa ba, ku kuma sanar da shi tun farko cewa ba za ku riƙe sirri ba idan ya ambaci shirin cutar da kansa ko wani.

A ganina, kowa ya tanadi wata hanyar samun bayanai ta biyu ko da izinin bai samu ba, kamar hukunce-hukuncen kotu da aka wallafa. Idan kuwa ga alƙaluman 'yan sanda za ku koma, ku tuna cewa laifukan da aka kai rahoto kaɗai suke nunawa.