Lemun tsami a tsakar gida: yadda nake rainon nawa a Tumfure, Gombe

Lemun tsamin da na fara dasawa ruwa ne ya kashe shi. Na sa shi dab da wurin wanke-wanke don kada ya rasa danshi, kullum gindinsa a jiƙe. Shekara biyu yana tafiya lafiya, a ta uku sai ƙaro ya fara tsattsafowa daga gindin, ɓawon ya tsage, ganye ya yi rawaya ya zube. Na ji zafin abin sosai. Dattijon da na koma sayen wani dashen a wurinsa ya ce da ni, "Hajiya, lemo a saiwa yake shan ruwa, gindinsa kuwa iska yake so." Biyun da nake da su yanzu a kan wannan maganar na raine su.

Ku nemi dashen aure, wato wanda aka ɗauko reshen lemon da ake so aka haɗa shi a kan karan wani dashen mai saiwa. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 5 zuwa 7 kafin ya yi 'ya'ya, wani ma ya wuce, na aure kuwa wajen shekara 3 ne. Ku duba karan, ɗan sama da ƙasar ledar za ku ga wani ɗan karkace kamar gwiwa, nan ne mahaɗar auren. Ana samunsa wajen masu rainon itatuwa a cikin gari, haka ma ta wajen Dadin Kowa, inda kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya take. Ku dasa a watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, don saiwa ta kama kafin hunturu.

Wuri mai rana sosai, nesa da katanga da taku shida ko fiye. Rami taku biyu faɗi, taku biyu zurfi, a gauraya ƙasar da aka haƙo da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe ya ruɓe tukuna. A yanke ledar a hankali kada dunƙulen ƙasar ya watse, a zaunar da dashen daidai inda ƙasa ta tsaya masa a cikin leda. Mahaɗar auren nan lallai ta kasance a sarari, kada a binne ta. Mu nan ƙasarmu jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya, amma wanda gidansa ke kan baƙar laka gara ya tara ƙasa ya yi ɗan tudu ya dasa a kai.

To, ban ruwa, wanda shi ne abin da ya fi damuna. Saiwoyin da ke ciyar da lemo ba sa nisa a ƙasa, shimfiɗe suke har zuwa inda inuwar rassa ta ƙare. Don haka nakan tara ƙasa kaɗan a zagaye, tazarar taku ɗaya daga gindin, in yi kwarin ruwa a bayanta, can nake zuba ruwa. Bishiya tana girma, ina matsar da kwarin waje. Ƙaramin dashe bokiti ɗaya bayan kwana biyu ya ishe shi da rani. Babba kuma a ƙosar da shi sau ɗaya ko biyu a mako, ya fi a riƙa yayyafa masa kullum. Kafin in zuba nakan tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, sai gobe. A Maris da Afrilu ne kawai nake ƙarawa, don zafin bazara yana kakkaɓe fure da ƙananan 'ya'ya. Na san jarkar mai kura ba arha ba ce, shi ya sa nake tara ruwan alwala da na wankin shinkafa. Ruwan omo kuwa ko kusa, gishirin cikinsa yana ƙone bakin ganye. Ɓawon gyaɗa da nake bazawa a ƙarƙashi yana riƙe danshi, amma shi ma ba na bari ya taɓa gindin, saboda gara.

Taki sau biyu a shekara, farkon damina da wajen Agusta: kashin awaki, da cikin tafin hannu na takin zamani NPK 15-15-15 ga ƙaramar bishiya, a cikin kwarin nan. Ku rage zuba toka. Idan ta yi yawa sabon ganye yakan fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai kore.

Duk reshen da ya tsiro ƙasa da mahaɗar aure a cire shi tun yana ɗanye, na uwar saiwar ne, in aka bar shi zai danne lemon da kuka saya. Akwai wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu, 'yar malam-buɗe-littafi ce, cikin kwana kaɗan take tsiraita ƙaramin dashe. Da hannu nake tsince ta da sassafe. In kun ga tururuwa na hawa da sauka, ganye ya yi baƙi kamar kunkunniya, ku juya bayansa, ƙananan ƙwari ne ke tsotsa. Nakan daka ƙwallon dogon yaro in jiƙa ya kwana, in tace in fesa da yamma, in maimaita bayan mako.

Awaki ma suna son ganyen ƙwarai, nawa sai da na kewaye su da waya har suka fi ƙarfin bunsurun maƙwabta. 'Ya'yan shekarar farko kuma ku daure ku tsinke su tun suna ƙanana, bishiyar ta fara yin jiki tukuna.