Shawara ga masu hawa kwalekwale a tafkin Volta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na unguwannin Nima da Mamobi da kewaye a birnin Accra na Ghana. Duk wanda zai tashi daga Accra domin ya kwana a bakin tafkin Volta, ina roƙonsa da ya duba kwalekwalen da kansa kafin a ɗora kaya.

Yawancin kwalekwalen ƙasar nan da wani itace da ake kira wawa ake sassaƙa su, wanda ba shi da nauyi, amma idan ya daɗe a rana yakan tsage. Ku sa shi a ruwa babu kaya na ɗan lokaci, ku lura da cikinsa. Idan ruwa yana tsattsafowa, a fitar da shi, a bari wurin ya bushe sarai, a cusa auduga ko tsumma cikin tsagar, sannan a shafe da narkakkiyar kwalta, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace, kuma gaggawa a nan ita ce take ɓata gyaran.

Abin da ya fi damuna shi ne kututture. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, wadda ita ce ta tare ruwan da ya zama tafkin, ruwa ya shanye dazuzzuka, kuma itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashinsa, saboda haka ku ɗauki matuƙi ɗan wurin, kada kuma ku yi tuƙin dare.

Kaya masu nauyi a tsakiya ake ajiye su, waya da ashana a ɗaure cikin leda. Kowa ya sa rigar ceto ko da gwanin iyo ne, a tafi da ƙarin filafili, da ƙwaryar kwashe ruwa, da gidan sauro.