Ga sababbin zuwa Boston: jan layin tarihi da teburin 'yan Italiya

'Yan'uwa sababbin zuwa, sannunku da hanya. Kafin ku yi wata guda a birnin Boston na Amurka wani zai ce ku je ku bi jan layin nan na tarihi, Freedom Trail. Ku je, amma ku saurare ni tukuna.

Hanyar ba ta ɓatar da kowa. Ku sauka daga jirgin ƙasa a tashar Park Street, bakin filin shaƙatawa na Boston Common, ku bi jan bulon da aka jera a ƙasa. Kusan kilomita 4 ne, wurare 16. Ku tsaya a maƙabartar Granary. Nan aka binne Crispus Attucks, mai jinin Afirka, ɗaya daga cikin mutum biyar da sojojin Ingila suka harbe a 1770. Gaba kaɗan akwai Old South Meeting House, inda jama'a suka taru a 1773 kafin a zubar da akwatunan ganyen shayi a teku saboda haraji. Mai son shiga tsohon jirgin ruwan yaƙi USS Constitution ya riƙe fasfo, don wurin sojan ruwa ne.

Inda nake so ku kasa kunne shi ne North End, unguwar 'yan Italiya, domin layin ta nan ya ratsa, ta gidan Paul Revere, ɗan gwagwarmayar 'yancin Amurka, da cocin Old North. Lokacin da za ku iso yunwa ta kama ku, ga ƙamshin tafarnuwa da tumatir ya cika titin Hanover. Mutum ya ga taliya a hoto sai ya ɗauka irin ta gida ce. Taliyar carbonara da naman alade ake yin ta. Prosciutto da pancetta alade ne zalla, salami da pepperoni ma galibi haka. Miyar bolognese sau da yawa haɗin naman sa da na alade ce, kazar marsala kuwa da giya ake dafa ta. Hatta cannoli, kayan zaƙin nan da ake wa dogon layi, a gargajiyance da kitsen alade da giya ake kwaɓa ɓawonsa, ko da yake ba kowane gidan burodi ke yin haka ba.

Bara wani ɗalibi da muka tarba ya turo mini hoton farantinsa yana murna. Ina dubawa na ga 'yan jajayen guntayen soyayyen nama a cikin taliyar. Da na faɗa masa, washegari ko karin kumallo ya kasa yi. Na san ɗacin nan, ni ma na ɗanɗana shi a shekarata ta farko. Abin da ke ba ni haushi shi ne kunyar tambaya. Haba ƙanena, kuɗinka ne fa! Masu kawo abincin sun saba da irin tambayar nan. Ka ce ba alade, ba giya, ka maimaita. Fiza margherita ko gasasshen kifi sun fi kwanciyar hankali. A kan kuɗin abinci kuma ana ƙara ihisanin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Kada ku tashi haka nan ku ja mana magana, mun daɗe muna gina sunanmu a garin nan.

Idan Juma'a ce ko Asabar, ku biya kasuwar Haymarket, kayan miya da araha, ga mahautan halal a titin Blackstone. Daga nan jirgin Orange Line zai kai ku Roxbury Crossing, babban masallaci na daf da tasha. Ku nemi mutanenmu bayan salla ku karɓi lambobinsu.