Yadda Ake Ceto Mahaɗin da Ya Mutu a Wikipedia ta Hausa

A ce kana gyara muƙalar Tawa, ka iske an kawo yawan mutanen garin bisa ƙidayar 2012. Ka latsa madogarar, sai lamba 404 ta fito, shafi ya ɓata. Yawancin sababbin masu gyara share madogarar suke yi. Don Allah kada ka yi haka. Sunan marubuci da kanun labari da ranar bugu su ne sawun da za a bi a gano takardar. In ka share su, jimlar ta rasa shaida, gobe wani ya zo ya cire ita ma. Abin kuwa ya yi yawa: binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2024 ya nuna kashi 54 cikin ɗari na shafukan Wikipedia ta Ingilishi da aka duba suna da mataccen mahaɗi aƙalla ɗaya a manazartarsu.

Da farko ka tabbatar ya mutun. Mu da ke aiki daga Yamai mun san halin rezo, wato siginar intanet, sau da yawa shi ne ya yi rauni, shafin yana nan lafiya lau. Gwada da wani layi, ko ka bari sai washegari.

In ya ƙi buɗewa, duba ko ƙaura ya yi, domin jaridu da ma'aikatu kan sake fasalin shafukansu, adireshi ya canza. Kwafi kanun labarin, ka sa shi tsakanin alamun zance a Google. Yawancin madogaran Nijar da Faransanci suke, saboda haka kada ka fassara kanun, kuma ka nemi Tahoua da Niamey maimakon Tawa da Yamai.

Ba ka same shi ba? Nufi Wayback Machine a web.archive.org, rumbun da ƙungiyar Internet Archive ta buɗe wa jama'a a 2001. Liƙa tsohon adireshin, kalanda za ta fito da ɗige-ɗige a kan ranakun da aka adana shafin. Shuɗin ɗigo ka fi so. Kore na nufin an karkatar da shafin zuwa wani wuri. Zaɓi ranar da ta fi kusa da lokacin da aka sa madogarar. A nan ne ake bukatar haƙuri: buɗe kwafin ka karanta da idonka, ka ga ko adadin da muƙala ta faɗa yana ciki. Wani kwafin shafin farko na jaridar kawai ya kama, ba ya tabbatar da komai. In ya yi daidai, ka bar tsohon adireshin a wurinsa, ka ƙara archive-url (adireshin kwafin) da archive-date (ranar da aka adana shi) a cikin madogarar, sannan ka rubuta url-status=dead, alamar cewa tsohon adireshin ya mutu.

Akwai wanda ya fi mutuwa muni. Adireshi kan faɗa hannun wasu, ka latsa ka iske tallar caca. Wannan sa masa url-status=usurped, don kada ɗalibi ya faɗa can.

Idan rumbun ma ba shi da kwafi, liƙa alamar mataccen mahaɗi da wata da shekara, ka bar bayani a shafin tattaunawa, sannan ka nemi wata madogara. Jarida ta takarda irin Le Sahel ba ta bukatar mahaɗi. Ranar fitowa da lambar shafi sun isa.

Sashen mahaɗan waje da ke ƙasan muƙala hukuncinsa daban ne. Tunda ba shaida ba ne, wanda ya mutu kuma ba a samu madadinsa ba, cire shi. Shafin hukuma na jami'a ko ma'aikata ya dace. Shagon wani ko zauren WhatsApp bai dace ba.

Duk lokacin da za ka sa sabuwar madogara, ka fara adana ta da maɓallin Save Page Now na rumbun. Manhajar InternetArchiveBot, mai gyara matattun mahaɗai da kanta, ta ceto mahaɗai kusan miliyan 6 zuwa 2018, amma abin da aka riga aka adana kaɗai take iya dawowa da shi, ƙananan shafukanmu na Nijar kuwa ba kullum ake kama su ba sai mu mun tura su.