Baƙo ma yana da abin da zai ba baƙo

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, sannu da zuwa Ingila. Makonka na farko ba zai ƙare ba sai ka ga abin da ba wanda ya faɗa maka a gida: Bature kwance a bakin shago, lulluɓe da bargo, sanyi na kaɗa shi. Ranar da na fara gani a Manchesta na tsaya sororo. Ni da na zo da akwati ɗaya, ashe akwai wanda na fi.

Ka fara koyon karɓa tukuna. Mu kunya ke kashe mu. Majami'u da yawa a nan suna da rumbun abinci na taimako. Ƙungiyar Trussell ta buɗe nata na farko a Salisbury a 2000. Yawanci sai an ba ka takardar shaida daga wurin likita, makarantar yara ko ofishin ba da shawara na Citizens Advice, ka karɓi abincin kwana uku. Ko da bizarka ta hana ka tallafin gwamnati, wannan ba kuɗin gwamnati ba ne. Idan albashi bai shigo ba, je ka, ba bara ka yi ba.

Sai bayarwa. A gida, baƙo ya yi sallama da dare, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Nan ba zaure, ɗakin haya ne, yarjejeniyar da ka sa wa hannu kuma tana iya hana ka saukar da kowa. Abin ya daɗe yana damuna, har na sake karanta Luka sura 10. Basamariyen nan da ya tarar da mutumin da 'yan fashi suka ji wa rauni a hanya bai kai shi gidansa ba. Masauki ya kai shi, ya bar dinari biyu, ya ce zai dawo. Ya san iyakarsa, bai kuwa ratse ya wuce ba kamar firist.

To, in ka ga mai kwana a bakin shago, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi sunansa. Ka tambaye shi me yake so kafin ka sayo. Na taɓa kai wa wani shinkafa mai yaji, hawaye ya yi ta yi, ba na godiya ba. Shayi mai zafi da safa sun fi. Ka shiga shafin StreetLink ka faɗi inda yake kwana, ma'aikata za su neme shi.

Ranar Lahadi kuma, bayan sujada, duba bencin baya. Akwai wanda ya sauka jiya, wataƙila ba yarenku ɗaya ba. Nuna masa motar da zai hau.