Yadda Ake Kula da Tsohuwar Bindiga Mai Baki Biyu

Mafaraucin da ya gaji bindiga mai baki biyu a ƙauyukan Ringim ko Gumel, kafin ya ɗura mata komai, ya fara ɓalle ta ya karanta tambarin da ke ƙarƙashin bututun, domin a nan hukumomin gwajin bindigogi suke buga girman harsashin da aka gwada ta da shi. Tsofaffin bindigogin Ingila masu baki biyu samfurin raifil (masu harba dalma guda ɗaya), irin na kamfanin Holland & Holland na Landan, an daidaita bakunansu biyu ne da nauyin harsashi guda da ma'aunin albarushi guda, saboda haka da zarar an sauya ɗaya, kowane baki sai ya kai harbinsa wani wuri daban. Wadda aka ƙera don baƙin albarushi kuwa, albarushin zamani marar hayaƙi yana iya fasa ta a hannun mai ita, kuma a ganina wannan ya isa dalilin barin haɗa harsashi a gida, ban da cewa Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi.

Bayan kowane harbi a tabbatar babu harsashi a ciki, a zura tsumma mai ɗan mai da sanda, sannan a ɗaga bututun wajen haske a nemi tsatsa ko kumburi. Da damina a ajiye ta nesa da bangon laka mai danshi, a kulle, inda yara ba za su kai ba.