Kulob ɗin unguwa zai iya kai yaro jami'ar Amurka? Ga yadda za ka bi lamarin

Tun da bidiyon yaran Ghana da Senegal sanye da rigunan jami'o'in Amurka ya fara yawo a Facebook da TikTok, iyaye da yayye nan Maraɗi ke ta tambaya wai in yaro ya dage da kulob ɗin unguwarsu, a Zariya ne ko Ali Dan Sofo, zai iya kaiwa can? Gaskiya kulob shi kaɗai bai kai shi. Balo kam yana koya mishi, babu musu, yaron da ya tashi yana bugawa cikin rairayi ba takalmi ƙafarshi ta san ƙwallo, amma jami'a makaranta ce tun kafin ta zama ekip, kuma rabin abin da take tambaya ba a fili ake samunshi ba.

Fara da sanin inda kake son tura yaron. Hukumar da ke kula da wasannin manyan jami'o'in Amurka sunanta NCAA, rukuni uku gare ta. Rukuni na 1 shi ne na manya irin su UCLA da Stanford da Indiana, na 2 yana bin shi, na 3 kuwa ba a ba da burs na wasa ko sisi, sai dai na karatu. Akwai wata hukumar daban NAIA, akwai kuma NJCAA ta makarantun shekara biyu, waɗanda sau da yawa ta nan ɗan Afirka ke fara shiga sannan ya haura. Kuma ka sani ko a can ba kowane kulob na gari ke kai yara rukuni na 1 ba, masu horon jami'o'in sun fi zuwa kallon manyan gasannin matasa, MLS NEXT da ECNL, inda ko dai yaro yana akademin wani kulob na MLS, babbar lig ɗin ƙwararru ta Amurka, ko iyayenshi suna zuba daloli duk shekara. To in ɗan Amurka da ke kulob ɗin unguwa sai ya yi da gaske kafin a ganshi, ina ga namu da ke bayan teku.

Dubi yadda waɗanda suka kai suka bi. Abu Danladi ɗan Ghana, ta akademin Right to Dream ya fito, wadda Tom Vernon ya kafa a 1999, kuma ita wannan akademi aji ne da fili a haɗe, yaro na karatu da Ingilishi kullum. Daga nan ya tafi makarantar sakandare ta Dunn a Kaliforniya, sannan UCLA, a 2017 kuma Minnesota United ta ɗauke shi na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na MLS. Ka lura sai da ya zauna aji a Amurka kafin jami'a ta ɗauke shi. Mohammed Kudus ma ɗan akademin ne amma shi ta Nordsjælland a Danmak ya bi zuwa Ajax, waccan hanyar ƙwararru ce, daban take da ta jami'a, kar ka bari wani ya cakuɗa maka su.

Yanzu ka je wurin mai horon kulob ɗin yaronka ka zauna da shi, cikin girmamawa, don yawancinsu da aljihunsu suke sayen balo da riguna, Allah ya saka musu. Tambaye shi ko kulob ɗin na da rajista da lig ta jiha ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ko yara na da lisans, ko ana rubuta sakamakon mach da sunan wanda ya buga. Tambaye shi yara nawa suka fita daga hannunshi zuwa Dan Kassawa ko Jangorzo ko wata ekip ta Yamai, ko aka kira su Mena, ekip ɗin ƙasa, ta 'yan ƙasa da shekara 17. Wannan na ƙarshen yana da nauyi sosai, mai horo a Amurka bai san sunan kulob ɗin unguwarku ba amma ya san abin da ake nufi da ekip ɗin ƙasa, Nijar ta je kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Indiya a 2017 har ta wuce zagayen farko, kuma filin Maraɗi ya karɓi wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da 20 a 2019, irin waɗannan su ne abin da ake iya bincikawa a intanet a gani. Sai tambaya mafi muhimmanci, yana duba takardar sakamakon lakwal ta yaran? In mai horo yana sa atisaye lokacin da ya kamata yaro yana aji, to wanga kulob ba hanyar jami'a yake ba, komai kyawun wasansu.

Batun lakwal ɗin nan shi ne wurin da yawancin yaranmu ke faɗuwa. Kafin yaro ya buga a rukuni na 1 ko na 2 dole ya yi rajista da ofishin NCAA mai tantance cancanta, su kuma sakamakon shekaru huɗun ƙarshe na sakandare suke so, darussa 16 na asali da suka haɗa lissafi da kimiyya da harshe da tarihi, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 a rukuni na 1, 2.2 a na 2. Ma'ana tun daga ajin BEPC har zuwa bak ba a zubar da takarda ko ɗaya, a ajiye su cikin leda wuri guda da hatimin makaranta, don za a nemi a fassara su zuwa Ingilishi. Tun 2023 NCAA ta daina tilasta jarabawar SAT ta shiga jami'o'in Amurka, amma jami'ar kanta za ta nemi shaidar yaro na jin Ingilishi, TOEFL ko IELTS ko ta Duolingo wadda ake yi a kwamfuta kuma ta fi araha. Ingilishin 'yan awanni a mako na kolej bai isa, mu kuwa Allah ya ba mu sauƙi, ga Katsina nan kusa, ga malamai 'yan Najeriya da Ghana cikin gari, a sa yaro darasin yamma tun yana 14.

Shekaru kuma a bar su yadda Allah ya yi su. Na san al'adar rage wa yaro shekara biyu uku a takarda don ya shiga gasar ƙanana, amma nan takardar haihuwa da ta makaranta da lisans da fasfo duk za a jera su a teburi ɗaya, suna ko kwanan wata ya saɓa a ɗaya magana ta mutu. Har rubutun suna, in Mahamadou ne a takardar haihuwa kar ya koma Mamane a lisans.

Akwai abu biyu da ke ƙone yaro ba tare da ya sani ba. In ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru ko ya karɓi kuɗin da ya wuce na abinci da mota da masauki, cancantarshi na iya lalacewa, don haka kar ya sa hannu a takardar da babba bai karanta ba. Na biyu lokaci ne, dokar da aka daɗe ana bi a rukuni na 1 ita ce shekara ɗaya aka ba ka bayan gama sakandare, in ka wuce kana ta buga gasa ana zabge maka daga shekarun da za ka buga a jami'a. Wanda ya ci bak ya zauna shekara huɗu yana buga gasa yana jiran sa'a ya riga ya cinye yawancin rabonshi.

Bidiyo ba wuya. Waya mai kyau, a hau wuri mai tudu, a ɗauki mach na gaske ba atisaye ba, a yanka minti huɗu zuwa biyar, a sa alama kan yaron kafin kowane motsi, ba kiɗa, a ajiye cikakken mach ɗaya gefe don za su nema. Adireshin masu horo yana shafin wasanni na kowace jami'a kyauta, yaron da kanshi zai rubuta gajeren saƙo da tsawonshi da lambar da yake bugawa da shekarar da zai yi bak.

Kuɗi fa? Shekara da shekaru ekip ɗin maza a rukuni na 1 burs 9.9 kacal aka yarda ta raba wa 'yan wasa kusan talatin, shi ya sa yawanci rabi ko kwata ake samu. A 2025 an canza tsarin, jami'o'in da suka shiga sabuwar yarjejeniya an ƙayyade musu 'yan wasa 28 maimakon adadin burs, amma hakan bai ce suna da kuɗin biya wa kowa ba. Tikitin jirgi da inshorar lafiya galibi suna kan iyaye.

Sai biza, kuma nan ne dole a buɗe ido. A Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, tare da Mali da Burkina Faso, dokar ta fara aiki farkon Janairu 2026. Irin wannan doka tana canzawa, shirin yaro kuma aikin shekara huɗu biyar ne, takardun nan su ne dai jami'o'in Kanada masu gasar U Sports za su nema, amma kafin ka fitar da ko jaka ɗaya ka duba shafin ofishin jakadancin Amurka da idonka. Duk wanda ya zo maka da hoton wata jami'a a WhatsApp yana cewa ya san hanya a kawo miliyan biyu, ka ce ya sa mai horon ya rubuto maka ta adireshin makarantar, na jami'o'in Amurka da .edu yake ƙarewa. Takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita makarantar ce ke aiko ta da sunan yaron bayan ta ɗauke shi, ba a sayenta wurin kowa.